Layin da Ban Rubuta Ba

Ɗan ƙanen mahaifina yana da ɗakin koyar da kwamfuta a Maradun, datarsa kuwa ba ta kwana uku. Ya yi zargin maƙwabta sun gano lambar sirrin waifai ɗinsa, sai ya kira ni daga Talata Mafara in gwada ƙarfinta. Ranar da na je ya tafi ta'aziyya Bakura, ya bar mini makulli wurin mai shayi.

Kayan gwajin ba su da yawa: laftof, sai wata 'yar na'ura mai doguwar eriya da ake soka mata a gefe. Aikinta ta saurari duk waifai da ke kusa, ta jero sunayensu. Ranar nan sai ta ce atafau ba za ta yi aiki ba. Na canza mata rami, na kashe kwamfuta na kunna, na sake ɗora manhajarta, har bakin wayar na hura kamar mai hura garwashi. Shiru. Zafi ya ishe ni, na fito gindin dalbejiya na ɗaga eriya sama, wai ko za ta kama. Wauta ke nan tsantsa. A shekarun nan, baƙo riƙe da eriya a garin da ke bakin daji sunansa ɗaya ne, infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari. Na san yadda ake ƙarewa da wanda aka laƙa wa wannan suna, ba a cika jiran shaida ba.

'Yan sa-kai uku suka tsaya a kaina. Sallama kawai suka yi, babu ina gajiya, babu ya gida. Babbansu dattijo ne rataye da bindigar gargajiya.

"Malam, mi kaka yi da wanga abu?"

Na yi bayani. Na kira ɗan'uwana sau uku, ba sabis.

"To, nuna muna aikin da kac ce," in ji dattijon. Ya juya ga na damansa, wani magidanci da ya taɓa koyarwa a firamare. "Kai ka iya boko. Karanta muna duk abin da yar rubuta."

Ikon Allah, sai a lokacin na gano matsalar. Wata manhaja ce a cikin kwamfutar ta riƙe na'urar ta hana ta saurare. Layi ɗaya zan rubuta ta sake ta. Amma layin yana ƙarewa ne da kalmar Turanci mai nufin "kashe", irin na kisan kai, ga malamin firamare yana numfashi a ƙeyata. Ko da na tsallake wannan, in ta tashi me za ta nuna? Sunan duk wata waya da ke raba data a wurin, wataƙila har tasu. In ce musu ina ganin wayoyinsu amma ban san inda suke kwana ba? Ni ma da ni ne su, ba zan yarda ba.

Yatsuna suna kan madannai, zufa na ɗiga a kansu. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan minti ba, ko a hanyar Gusau da 'yan bindiga ke tarewa. Sai na rubuta shirme. Kwamfuta ta ce ba ta gane ba. Na sake wani shirmen, na bubbuga eriya, na yi tsaki.

"Ta ce ba ta san abin da kaka nuhi ba," in ji malamin. "Anya ka ma iya?"

"Koyo nake, Malam."

Na ukunsu ya tuntsure da dariya. Mai shayi, wanda tun ɗazu ya yi kamar bai san ni ba, ya samu baki ya ce lallai mai ɗakin ne ya bar mini makulli. Sai dattijon ya juyo gare ni.

"Tattara kayanka ka tahi kahin la'asar. Ka koma ka koyi aiki, kada ka ɓata ma ɗan'uwanka injin."

Na ce, "To, Baba. Na gode." Kuma har zuciyata nake godiyar.

Da na iso gida na zauna a ɗakina, na soka na'urar, na rubuta layin. Nan take ta tashi, ta fara jero sunayen wayoyin unguwarmu ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe na rufe taga, na saka sakata.