Alƙawarin Ƙarfe Goma

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isiyaku. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Na saba in ranar ta zagayo in yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa yin shiru, domin na yi wani abu da ba na jin zai yafe mini da sauƙi da yana raye.

Malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Gwiwa, makaranta mai ɗaki biyu. Rabin ɗalibansa 'ya'yan rugar da ke bayan gari ne, kuma kafin zuwansa babu makiyayin da ya yarda ya sa ɗansa. Ba ƙin karatu suke yi ba. Shanu ne ba sa jira, in an gama tatsa kuma raɓa ta bushe dole wani ya kora su, wani ya ɗauki nono zuwa gari. Baba ya yi ta sintiri wurin Ardonsu har suka ƙulla magana: yara za su zo bakwai da rabi, a sallame su ƙarfe goma daidai, ko da a tsakiyar jimla ake.

Shi ya sa a ajin Baba karatun agogo ke gaba da komai. Yakan zana babban da'ira da toka a filin makaranta, ya tsayar da yara goma sha biyu a gefenta, kowa da lambarsa. Sai ya ba yaro ɗaya dogon kara da gajere ya tsaya a tsakiya, ya ce, "To, nuna mana takwas da kwata." In ya kuskure ya nuna uku saura minti ashirin, fili ya kaure da dariya. Duk wanda ya iya, shi ake ba aikin duba agogon bango ranar, kuma shi zai miƙe ya ce goma ta yi. Baba bai taɓa cewa a bari ya ƙarasa ba. Alli a hannu zai ajiye.

Ina yaro ina ganin abin wasa ne. Sai da na girma na gane cewa ya ɗauki makullin ajinsa ne ya damƙa wa ɗalibai, don hankalin iyayensu ya kwanta.

Ni ban yi niyyar koyarwa a can ba. Burina in zauna Kazaure, kusa da wuta da kwalta. Da Baba ya kwanta ciwon ajali ya kama hannuna ya ce kada in bari makarantar ta mutu, ni kuma na amsa, don wa ke musu da mai jinya? Ga ni nan har yau, a ɗakin da ya tsaya, ƙarƙashin agogon da ya rataye. Na ƙara abu ɗaya a kan nasa: yanzu kowane makiyayi da waya a aljihu, sai nake koya wa yara karanta lokaci da lambobi, su san cewa 9:45 ita ce goma saura kwata. Har alfahari nake yi da wannan ƙarin.

Da Baba zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. A zamaninsa mai duba makarantu yakan zauna a ƙarƙashin dalbejiya a yi masa bayani, ya gane. Yanzu takarda ce ke zuwa, kuma takarda ba ta san raɓa ba. Sau biyu ana rubuto mini gargaɗi cewa ba a tashi daga makaranta da hantsi. An kuma sanar da ni cewa in aka sake tarar da aji wayam, za a haɗe mu da wata makaranta mai nisan da ƙaramin yaro ba zai iya takawa ba. In na riƙe yaran, iyaye su janye su. In na sake su, a rufe mu. Tsakanin waɗannan biyu nake kwana nake tashi.

Watanni biyu da suka wuce aka ce jami'i zai zo ƙarfe tara. Tara ta yi, shiru. Da yara suka fita cin abin kari, na hau benci na sauke agogon Baba, na mayar da shi baya da minti arba'in da biyar.

Baƙon ya iso ya tarar da aji cike, ya ji daɗi. Yana zagayawa yana duba littattafai, sai ya sunkuya a kan na Dije, jikar Ardo, yarinya 'yar shekara takwas da ta fi kowa kaifin kai a ajin. Agogon hannunsa mai lambobi ne. Ta dube shi, ta dubi bango, ta ɗaga hannu.

"Malam, agogon baƙo ya ce goma da rabi, na bango kuma bai kai goma ba. Wanne za mu bi?"

Baƙon ya yi dariya ya yaba mata, ya ce in sake wa agogona batir. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Da na leƙa ta taga, ga Ardo tsaye a gindin bishiya da sandarsa, wayarsa a hannu. Ya juya ya tafi. Washegari babu ko ɗa ɗaya daga ruga.

Sau uku ina zuwa ba shi haƙuri. A na ukun ne ya buɗe baki. "Ɗan Malam, da ka zo ka ce mini kana cikin matsi, da ni zan kora shanun ran nan da kaina. Amma ka zaɓi ka rufe wa yara ido. Mahaifinka bai taɓa yi ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baffa, na yi kuskure." Ya ce zai yi shawara bayan kaka.

Ina ta auna abin da Baba ya bari. Gida ɗaya ne na ƙasa, da littattafan da gara ta fara ci. Amma ya bar ruga guda da ba a iya yi mata wayo a kan lokaci, kuma wanda ya fara gwada hakan ɗan cikinsa ne. Wannan yana sa ni alfahari da shi, yana kuma sa ni jin kunyar kaina, har na rasa wanne ya fi nauyi. Tafiya ba ta yiwuwa, don na yi masa alƙawari. Zaman ma ban ga yadda zai ɗore ba, domin yawan yaran da suka rage bai kai a bar mana makaranta ba.

Ranar kasuwar da ta wuce na haɗu da Dije, ƙwaryar nono a ka. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce a hankali, "Malam, da na yi shiru ran nan, da har yanzu ina zuwa makaranta ko?"

Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, amsarta daidai ce, ni ne na taɓa agogon. Ta dube ni kamar ba ta yarda malami zai iya yin haka ba. Daga nan wata mata ta kira mai nono, Dije ta gyara ƙwaryarta ta tafi.