Kwana Ashirin da Bakwai na Tanderun Malam

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga watan Mayu, 'yarka ta kira ni ta ce, "Anti, Baba ya cika." Ina tsaye a ɗakin gwajinmu, tanderun da ka kunna da hannunka yana huci a bayana, kwana shida da zafinsa ya fara sauka.

Shekara goma sha huɗu ina kula maka da na'urori, Malam. Ranar da na kama aiki ka nuna mini wani farin gari a kwalba, ka ce molibdat ɗin sodiyam ne, gishiri mai taurin kai. In an narkar da shi aka bari ya daskare, sau uku ƙwayoyin zarrar cikinsa ke sake jeri kafin ya huce, kamar masallata da aka ce su gyara sahu. A wajen sake jerin nan yake tsagewa. Sai ka ji ƙas, in ka buɗe ka tarar da tsaki. Burinka ɗaya ne, ka sauko da ƙwayar gishirin guda lafiyayya, wadda ba ta tsage ba, a samu a auna tsarinta. Sau arba'in da ɗaya muna kwashe tsaki. Ba ka taɓa ɗora mini laifi ba, har ranar da ɗoki ya sa na ɗaga murfi da wuri. Cewa kawai ka yi, "Injiniya, ai gishirin bai san kina sauri ba," ka haɗa mini shayi.

Saboda gishirin nan ka hana buga ƙofa, don kada girgiza ta tsaga shi, kullum a sakate take ta ciki. Kai kanka in ka iso, da gindin biro kake taɓa gilashinta sau uku, a hankali, in taso in buɗe maka.

Washegarin jana'izarka na ɗauko littafin da kake rubuta zafin tanderu kowace safiya, don in ci gaba daga inda ka tsaya. Na tarar ba ka tsaya ba. Ka cike ranakun duka, har ta ashirin da bakwai, da koren bironka. Kai da ba ka taɓa rubuta lamba ba sai idonka ya gan ta! Ashe ka san abin da likita ya gani, ka ɓoye mana. A gefen rana ta goma sha biyu ka rubuta: "Sauyi na ƙarshe. Ko me kika ji, kada ki buɗe."

Ranar ta zo. Ƙarfe goma na safe, gari garau, ni kaɗai a ɗakin, na ji ƙas, ƙas, ƙas. Wallahi har na miƙe, hannuna ya kai ga sakata kafin in tuna. Na leƙa ta gilashi, babu kowa a baranda. Na koma kujera na ce wa kaina gishirin ne ya tsage, karo na arba'in da biyu, na yi maka kukan da ban iya yi ba ranar rasuwarka.

Duk da haka ban kashe tanderun ba, ko da shugaban sashe ya yi ta tambayar yaushe zan ba da ɗakin. Ranar da kwanakin suka cika na kira 'yarka, muka buɗe tare. Ƙwaya ɗaya ce a gindin ɗan kaskon da muka narkar da gishirin, kamar wake, garai-garai. Na juya ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta kowace fuska, ko kwarzane babu.

"Anti, ya yi?"

"Ya yi," na ce. Ban gaya mata cewa in gishirin bai tsage ba, to ban san abin da na ji ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa haƙurinka ya bi ka, ya yalwata makwancinka. Ga mai ɗakinka da 'ya'yanka da ƙannenka, Allah ya ba ku juriyar wannan rashi, ya albarkaci bayansa. Na bi umarninka ban buɗe ba, Malam. In kai ne a ƙofar, ka yafe mini.