Na Kai Jinin Malam Jos a Cikin Fulas

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, maigidana Malam ya kwanta. Dukawa ne danginsa, shi ma jakunkunan fata yake ɗinkawa a Kasuwar Kurmi. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Likita ya ce akwai wani sinadari da hanta ke zubawa a jini idan ta kamu da mugun ciwo, yawansa ne zai nuna abin da ke damunsa. Kayan gwajin sun ƙare a Kano, sai Jos. Ba mu da ɗa, ƙannensa suna Ikko. Ni ce mai tafiya.

Talata, Koki zuwa Saminaka

Na fito daga gidanmu na Koki ƙarfe biyar da kwata, ana kiran assalatu. Ruwan jinin da aka ɗiba a jikinsa don gwajin yana cikin ƙaramar kwalba, na sa ta a fulas ɗin shayi, na cika da ƙanƙara. An gargaɗe ni kada ya yi ɗumi. A tashar Unguwa Uku na sami mota fijo mai zuwa Jos, naira ɗari uku da hamsin, muka tashi bakwai saura.

Bayan Kwanar Ɗangora fasinjoji suka ɓarke da gardamar sabon gwamna, har Tudun Wada ba su yi shiru ba. Ba wanda ya tanka mini. Ina rungume da fulas, ina jin ƙanƙarar tana zama ruwa.

A bakin dajin Falgore aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya leƙo.

"Hajiya, a ba mu shayi mana."

"Ba shayi ba ne, jinin mijina ne."

Ya juya ya ce da direba, "Wuce, kada ka ɓata mata lokaci."

A Saminaka, sha ɗaya da rabi, direban ya zaga da ni shago uku kafin muka sami mai firji. Naira ashirin ƙanƙarar.

Jos

Mun shiga Jos biyu saura, wajen kilomita ɗari uku daga gida. Wata ma'aikaciya a ɗakin gwaji, Madam Rifkatu, ta taɓa kwalbar ta ce, "Da sanyinta. Ki dawo jibi, Mama."

Na sauka gidan wata da muka yi makarantar horon malamai tare. Ashe ta tafi biki Bauchi, maƙwabciyarta ce ta ba ni mabuɗi. Kwana biyu na yi ni kaɗai a ɗakin da ban san inda ake ajiye ashana ba. Laraba na sayi dankali da ƙwai a bakin titi, na kasa cinyewa. Shekara ashirin da shida ban taɓa cin abinci ba tare da na fara zuba wa Malam nasa ba.

Alhamis ƙarfe tara Madam Rifkatu ta miƙo mini ambulan a manne.

"Likitanku ne zai yi bayani."

"Don Allah, 'yar'uwa, ya yi yawa?"

Ta riƙe hannuna. "Ya yi yawa sosai, Mama."

Komawa

Na hau mota goma da rabi. A hanya na shirya maganganu iri-iri da zan faɗa masa, duk na watsar. Mun iso Kano biyar da rabi, ɗan acaɓa ya sauke ni bakin lungunmu.

Na tarar da shi a tsakar gida kan tabarma, ya sa an yi masa aski, ya sanya farar rigarsa ta Juma'a.

"Sannu da hanya, Malama. Jos da sanyi?"

"Da sanyi, Malam."

Na fara laluben jaka. Ya ɗaga hannu.

"Bar takardar, ta likita ce. Tun daga soro na ji tafiyarki, na gane. Zauna nan kusa da ni."

Na zauna har aka kira magariba. Washegari likita ya tabbatar ciwon dajin hanta ne. Malam ya ƙara wata huɗu tare da ni.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni na same shi a zaune. Waɗanda suka taimake ni a hanya, yawancinsu ban san sunansu ba, Allah ya saka musu. Wanda ya karanta wannan, ya sa Malam a addu'a.