Shanyar Goggo a Tagar Jirgi

Ni fa ban ce Goggo maƙaryaciya ba ce, kar ki je ki ɗora min jakar tsaba. Abin da na ce shi ne, akwai maganar da ba kai ka faɗa ba, mutane ne suka faɗa a kanka, kai kuma ka gyara zama ba ka musa ba. To irin wannan ce ta Goggo.

Goggo yayar babanmu ce, a hannunta na tashi. Aikinta wanki da guga, amma ba na gidajen mutane ba, ta ce ita ta wuce wanke ɗan kamfan wani. Zannuwan gadon jirgin ƙasa take wankewa, jirgin nan mai ɗakunan kwana da ke tashi da yamma ya kwana yana gudu. A bayan tasha akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano, famfuna a jere, igiyoyin shanya kamar saƙar gizo. Tun kafin a haife ni take can. Mijinta ya rasu 'yarta tana goye, da dutsen guga ta raine ta har ta aurar da ita. Ni ma da boko ya ƙi ni na ƙi shi, can ta ja ni, wai ko hannuna zai yi amfani tunda kaina ya ƙi.

Guga kam Allah ya ba ta. Matar da ke goge tsumman goge tebur! Ta taɓa goge min hankici, na yi ta yawo da mura ina jan hanci, kunyar ɓata shi nake.

Sai dai baki. Ana sauke ƙunshin wanki daga jirgi za ta fara. Ta ɗaga rigar filo: "Kin ga wannan, man gashi ta lafta kamar za a soya kan." Ta ɗaga wani: "Wannan takalmi ya goge da shi, Allah ya isa tsakanina da shi." Amma wanda ya fi shan zagi shi ne mai zubar da shayi. A wurin Goggo, duk wanda ya zubar da shayi a gado uwarsa ce ba ta yi masa tarbiyya ba. In kuwa aka ga zani ɗaya babu, to ma'aikacin da ke kula da taragon kwana ya shiga uku. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma ta raɗa masa suna Ɓarawon Zani, kuma duk mai turo kurar wanki sai ta ba shi saƙo: "Ka gaida min shi, ka ce gadon matarsa bai cika ba har yanzu?"

A unguwa kuwa Goggon Jirgi ake ce mata. Tunda kullum da safe tasha ta nufa, sai mata suka ɗauka ita da jirgi kamar kifi da ruwa ne. Duk wadda za ta yi tafiya sai ta zo neman shawara. Goggo ta ajiye kofi, ta ce gadon sama ya fi iska amma ba na mai ƙiba ba ne, kar ki yarda da ɗakin da ke kusa da banɗaki, in an hau gada ki rufe ido. Duk tsince-tsince ne daga bakin 'yan dako. Ni kaɗai na san ƙafarta ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. Iyakarta igiyar shanya, ta hango shi yana wucewa ta ja tsaki.

Ana nan sai 'yarta ta haihu a can garin da aka mayar da mijinta, tafiyar kwana guda. Sirikin ya aiko da tikiti biyu, ni da ita, har ɗakin kwana. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai maƙwabciyarmu ta ji. Tela ce, amma ba mai kiranta da haka, Sanarwa ake ce mata, don in kika gaya mata magana da hantsi, kafin azahar har kurma ya ji. Ɗanta yana garin, ta daɗe tana son zuwa, tsoron jirgi ya hana ta.

"Ai faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji ta. "Ga gwana za ta tafi, me zan jira?"

Goggo ta ce, "Ai kuwa." Muryar kamar ta wadda ta haɗiyi ƙashin kifi.

Ranar tafiya, mu uku muna shiga ɗakinmu a jirgin na ga idon Goggo ya raina fata. Ba gado ko ɗaya. Kujeru ne dogaye suna kallon juna, taga a tsakiya, sai wani ɗan wurin wanke hannu a lungu, bai fi kwanon sha ba.

"Yaya, ina gadajen?" in ji Sanarwa.

"Ke dai zauna. Tun rana ba ta faɗi ba kika taɓa ganin an yi shimfiɗa?"

Ta mintsine ni a cinya, ta yi min nuni da ƙofa. Na gane. Na fita kamar mai shan iska, na leƙa ɗakin kusa, na ga wani mutum ya ja marikin bango gado ya sauko. Na dawo na raɗa mata. Ta miƙe a hankali, ta yi hamma, ta ja marikin da hannu ɗaya kamar a nan aka yanke mata cibiya. Sanarwa ta riƙe baki.

Famfon ne ya so ya kwance mata zani a kasuwa. Ta murɗa, ta danna, ta bubbuga, shiru. Ta ce, "Haka suke, da yamma sai su ɗauke ruwa." Tana juyawa ta taka wani ƙarfe a ƙasa ba ta sani ba, ruwa ya tsarto mata a gaban riga. Ko gezau. "Kin gani? Sun kawo."

Jirgi ya tashi, gari ya fara gudu baya. Sai ga wani dattijo mai furfura da farar riga, ya rungumo zannuwa, ya yi sallama. Ya fara shimfiɗawa yana cewa, "Bayin Allah, don girman Allah ku yi hattara da shayi. Matar da ke mana wanki masifaffiya ce, ni ta hana ni sakat a duniya."

Na cusa mayafi a baki.

"La! Ai ga ta nan a gabanka!" in ji Sanarwa. "Ba ka san Goggon Jirgi ba? Ita da kullum tana hanya?"

Dattijon ya miƙe, ya kalli Goggo daga sama har ƙasa. "Ke ce mai aiko min da gaisuwa?"

"Kai ne mai gadon da ba ya cika?"

"Ikon Allah. Ni kuwa ban taɓa ganinki a jirgin nan ba."

"Sabo ne kai, shi ya sa."

"Ni ne sabo?" Ya shafa furfurarsa. "A taragon nan haƙorana suka zube."

"To ranakunmu ne ba sa haɗuwa. Ja kusurwar can, ka karya min guga."

Ya ja, ya fita yana girgiza kai.

Daga nan Goggo ta zama 'yar sanda. Kar a ci komai a kan gado. Sanarwa ta ɗaure kanta da ɗankwali biyu kafin ta taɓa filo. Ni ta duba tafin ƙafata kamar mai sayen akuya. Da Sanarwa ta gaji, sai ta fita barandar tarago neman wanda za ta ba labari, ta samu wata mai jariri ta maƙale mata.

Goggo ta buɗe fulas ta tsiyaya shayi, a tsaye.

"Goggo, ki zauna mana."

"Rufa min baki, uwar iya. Ki kalla ki koya. Ƙafa ake buɗewa, a saki gwiwa, a bi jirgin yadda ya..."

Ba ta ƙarasa ba jirgin ya yi wata girgiza kamar jaki ya ji tsinke. Kofin nan kaf a tsakiyar farin zani. Da madara, da sukari, da komai.

Na ce, "Goggo, wa ya yi miki tarbiyya?"

Ba ta ko zage ni ba, a nan na san abin ya kai. Ta fige zanin, ta ce shayi in ya bushe ya zama ɗan gida, yanzu ake kama shi. Ashe da guntun sabulu a jakarta, mai wanki ba ta tafiya haka. Ni ina taka ƙarfe, ita tana cuɗawa a ɗan kwanon nan, ruwa har gwiwar hannu. Tabon ya fita tas, wannan kam ba a ƙwace mata. Ta matse. Sai ta tsaya tana waige-waige, ba igiya.

Ta kalli taga.

"Goggo, a'a."

"Iskar nan da ake asara? Kafin waccan ta gama surutu ya bushe."

Ta zuge gilashin sama, ta zura zanin waje, ta datse bakinsa da gilashin. Wallahi da farko abin ya yi kyau. Yana kaɗawa fat-fat-fat kamar tuta, Goggo ta riƙe ƙugu tana murmushi, har tana cewa da ta san haka da tuni ta nemi a ɗaura mata igiya a jikin jirgi. Sai muka sha wata kwana. Ji muka yi fiu! Muka manna fuska a gilashi. Ga zanin Goggo can ya buɗe a sama kamar balbela, ya yi juyi, ya sauka a kan wata bishiya a tsakiyar gonar mutane. Rana tana faɗuwa, shi kaɗai ke haske.

Sanarwa ta dawo. "Yaya, ina zaninki?"

"Mu tsofaffin hannu ba ma kwana a kan na haya. Mayafina ya ishe ni."

Ni dai na hau gadon sama na yi barcina har da minshari. Goggo a zaune ta kwana.

Gari na wayewa dattijon ya zo tattara kaya. Ya ɗauki nawa, ya ɗauki na Sanarwa, ya tsaya. Ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ya ɗaga filo. Sai ya sauke ajiyar zuciya.

"Shi ke nan. Yau ma ni ne ɓarawo. Kuma a gaban mai raɗa sunan."

Sanarwa tana kallon wannan, tana kallon wancan, kunnuwanta har motsi suke. Goggo ta ƙura wa hannuwanta ido, hannuwan nan da sabulu ya cinye. Da ta yi shiru da ya wuce, mutumin ya saba shan zargi. Amma Goggo, duk masifarta, ba ta iya kallon mutum ido da ido ta ɗora masa abin da bai ɗauka ba.

"Iska ce ta ɗauke. Ni na shanya shi a taga."

"Kika yi me?"

"Shanya. Ko kurma ne kai?"

"A tagar jirgi? Yana gudu?" Ya zauna a bakin gado. "Baiwar Allah, ko jaririn da aka shigo da shi a goye ya san ba a miƙa ko yatsa waje. Ke kuwa kin taɓa shiga jirgi?"

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ban taɓa ba. Sai me? Kai ka taɓa wanke zani?"

Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe haka zannuwansa ke ɓacewa, ba ita ce ta fara ba, akwai mai naɗe jariri ta sauka da shi, akwai mai ƙunshe kaya. Ya ce zai gaya wa manya iska ta ci, amma da sharaɗi a canza masa suna. Goggo ta ce za ta duba.

Sanarwa fa? Ko uffan.

To yanzu ga inda ake. Mun ga jika, mun dawo, kuma har yau Sanarwa ba ta gaya wa kowa ba. Sanarwa fa! Wannan shirun shi ke ƙona Goggo. In mata sun taru aka tayar da zancen tafiya, sai ta ɗago daga kan keken ɗinki, ta yi wani ɗan murmushi, ta ce, "Ku tambayi Yaya, ita ta san iskar jirgi." Goggo ta ƙware da ruwan da take sha. Rannan har siket ta kawo a goge mata, Goggon da ba ta gugar kowa ta karɓa da hannu biyu.

Abin haushin, yanzu da ta shiga jirgin da gaske, labarinta ya lalace. In an tambaye ta sai ta ce, "Kujera ce dai ake ja ta zama gado, ki riƙe kofinki da kyau." Mata suka fara ƙus-ƙus wai tsufa ya taɓa Goggo, a da ta fi haka sanin jirgi.

Na ce mata, "Goggo, ki tara su ki faɗa da bakinki, a yi dariya a tashi. Ai ya fi wannan zaman ɗar-ɗar." Ta ce in na ƙara magana sai ta goge min baki da dutse mai zafi. Ta rame fa, ko sallamar Sanarwa ta ji sai ta zabura.

Ke in ke ce, za ki zauna kina jiran ranar da Sanarwa za ta fasa ƙwan, ko za ki fasa abinki da hannunki?