Gilashin Leƙen Ƙofa

Ina zaune a bencin mai faci ina jiran tayata, bayana duk ya ƙage. A tsallaken titi wani dattijo yana tsaye a bayan motar kwasar kaya, tsakanin katifa da firji. Furfura ta ci rabin gemunsa, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Waya yake ɗagawa sama, a hankali, kamar mai riƙe da ƙwai.

Ya naɗe wani abu a kan kyamarar da baƙin salatif. Sai da na tsallaka na gane: ɗan gilashin nan ne da ake sa wa ƙofa don a leƙa mai ƙwanƙwasawa.

Matarsa ta leƙo daga gaban motar. "Baban yara, direba fa ya gaji. Ni ma na gaji."

"Yanzu," ya ce, ko waiwayowa bai yi ba.

Na ce, "Baba, wannan kuma fa?"

"Wayar ba ta ɗaukar hoton layin nan gaba ɗaya. Da wannan kuwa har bishiyar can ƙarshe tana shiga. Daga ƙofarmu na kwance shi."

"Ita ƙofar fa?"

"Ta wani ce yanzu. Sai ya sayi nasa."

Ina jin a layin nan ya aurar da 'ya'yansa, amma ban tambaya ba. Ya sunkuyo ya nuna mini hoton. Gidaje sun lanƙwashe cikin da'ira, ga famfo, ga shagon tela, ga wata koriyar ƙofa a tsakiya.

"Komai ya shiga," ya ce. Ya daɗe yana kallo. "Sai dai duk sun yi nisa."