Surukinta Na Wurin, Shi Ya Sa Ta Yi Shiru

Wata rana na kai mahaifiyata asibiti a wanke mata ciwon ƙafa.

A gadon kusa da mu akwai wata dattijuwa, Goggo Yalwa. Haƙori ta zo cirewa, amma tana da tsohon ciwon zuciya. Likita ya ce sai an fara yi mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, don kada ƙwayoyin baki su bi jini su kama zuciyar.

Mutum biyu suka rako ta: ƙanwarta Tasalla, da Sagiru mijin 'yar Goggon ta fari, wanda ya kawo su a mota. Yana rakuɓe a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

Kafin a ɗaura mata ruwan maganin, nas ta tambaye ta ko wani magani ya taɓa yi mata illa.

Da idona na ga Goggo ta buɗe baki. Ta dubi ƙofa. Ta rufe bakin.

Tasalla ta yi caraf ta ce babu. Ita da ba jikinta ba.

Aka ɗaura.

Ba a yi minti biyar ba Goggo ta fara mutsu-mutsu. Ta raɗa wa ƙanwar cewa jikinta na ƙaiƙayi, wuyanta kamar an shaƙe.

Kun san amsar da ta samu?

Wai maganin ne ke aiki, ciwon ne ke fita. Ta daure, kada ta ba su kunya gaban suruki.

Borin jini ya feso mata a wuya, ruɗu-ruɗu. Maimakon a kira nas, Tasalla ta ja mayafi ta rufe wurin. Wallahi har yau idan na tuna wannan mayafin raina ɓaci yake.

Ni ma ban wanke kaina ba. Na zauna ina kallo, ina ce wa zuciyata ba ruwanki da mutanen da ba ki sani ba. Sai da na ga leɓen Goggo ya kumbura, numfashinta na fita da ƙara, sannan na zabura na ƙwala wa nas kira.

Ta zo a guje. Ta tsayar da ruwan, ta yi mata allura a cinya, aka sa mata robar numfashi, aka kira likita. Goggo kuwa idonta ya juye, ba ta san wanda ke kanta ba.

Da ƙyar aka samo ta.

Bayan ta dawo hayyacinta, nas ta ja labule ta durƙusa kusa da ita. Ina jin su.

"Goggo, wannan ya taɓa faruwa da ke?"

"Ya taɓa. Da na haihu aka yi min fenisilin, sai da na suma."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"'Yar nan, haihuwar fari ce. Kuma ga mijinta tsaye."

Kun ji fa. Irin maganin da aka ɗaura mata ke nan. Ta san maganin. Ta san sunansa. Shekara talatin tana riƙe da shi a kanta. Amma ta gwammace ta miƙa hannu a zuba mata shi a jini, da ta ambaci haihuwar 'yar fari gaban suruki.

Kuma mu muka koya mata. Mu ne muke yabon mace da cewa ko tari ba ta yi gaban surukai.

Labule ba ya tare magana, don haka Sagiru ya ji komai. Na same shi a baranda, babban mutum da gemunsa, yana share hawaye da hularsa. Ya ce da ya san tsayuwarsa ce za ta kashe ta, da bai fito daga mota ba.

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a gadon asibiti ba. Idan magani ya taɓa yi miki illa, ki faɗa ko gaban wa. Ƙaiƙayi, kumburi da toshewar numfashi ba aikin magani ba ne, a kira ma'aikata nan take. Kada ka amsa tambayar likita a madadin mai jiki. Idan kuma kai ne ake jin kunya, fita waje ka ba ta wuri.

Ku tura wa 'yan gidanku, musamman masu raka iyaye asibiti.