Gyaran Mode Baduku

Duk wanda ya taɓa ciniki da Mode baduku ya san halinsa: ba ya sakin mai saye sai ya yi masa gyara. Ka sayi takalmi, ya ƙara maka 'yar jakar makulli. Haka ubansa ya yi dukanci a bayan tsohuwar kasuwa, haka shi ma ya tashi. Mu maƙwabta har cewa muke, ranar da Mode zai sayar da gidansa sai ya haɗa da matarsa Delu a gyara. Delu ta ji, ta ce ita ma ta huta.

Shekara huɗu ke nan Sirajo mai shagon kwamfuta a Sama Road ya buɗe masa shago a wata kasuwar intanet. Turawa suka ruɗe a kan jar fatar Sakkwato. Mode ya shiga aika jakunkuna garuruwan da bakinsa ba ya iya faɗin sunansu, har ya fara tumbi.

Sai Babbar Sallah ta zo. Mode ya ga bai kamata ya ci naman layya ya bar mutanen da ke ciyar da shi ba. Kwali goma sha huɗu, kowanne ya tura masa ƙullin soyayyen nama cikin jaka, bai gaya wa kowa ba. Karnukan kwastan na can suka shinshino. Aka riƙe kaya, masu saye suka kai ƙara, aka rufe shago.

"Mi nay yi musu?" in ji Mode. "Nama na, ba guba ba!"

Tukur mai shayi, maƙwabcinsa na jikin bango, ya ce, "Baduku, ko karnukan sun yi maka barka da Sallah?"

Shekara ɗaya da rabi Sirajo yana rubuta wa masu kasuwar intanet ɗin ban haƙuri kafin su buɗe. Da suka buɗe kuma sai da takunkumi: kaya biyar a wata, ko ɗaya ba ƙari. Jaka biyar ba ta riƙe gida mai baki bakwai. Tumbin ya koma inda ya fito. Jakunkuna suka cika rumfa suna shan ƙura.

Yayansa Dodo ya aiko daga Wamakko: in ruwa ya sauka abin bai gyaru ba, ya rufe rumfa ya zo su yi noman shinkafa. Mode kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba.

Masu kasuwar suka ce in ya yi kwana casa'in ba ƙorafi, za a duba a ƙara masa. Wata uku Mode yana ɗaure kwali kamar mai haɗa gawa. Hannunsa zai kai ga 'yar jakar makulli, Delu ta ce, "Malam, aje!" Sai ya aje. Bai ƙara ko zare ba.

Amsa ta zo ranar wata Laraba. Sirajo ya karanta, ya sake karantawa, yana sosa ƙeya.

"Sun ƙara, Baba Mode."

"Nawa sunka ce?"

"Bakwai. Wai a sake nema bayan wata shidda."

Mode ya ce Allah shi saka da alheri, ya tako gida da ƙafa. A satin nan ruwan farko ya sauka.

Ranar da yake kwashe rumfa Tukur ya zo ya sayi takalmi, don dai a ce an yi ciniki. Bakinsa bai iya zama shiru.

"To Baduku, ina gyarata? Ko ni ma Bature na koma?"

Mode ya dube shi. Ya laluba aljihu ya fito da basillar ubansa, wadda ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, ya sa masa cikin takalmin.

"Ga ta nan. Can inda za ni ba a ɗinki."

Dodo kuwa yana bakin titi cikin a-kori-kura, yana ta danna ham.